Filin Tambaya da Amsa: Alex Haley da Labarin Kunta Kinte

Wasiƙu huɗu daga Jihar Kebbi suka zo a kan marubuci ɗaya, don haka muka haɗa su a wannan fitowa domin amsar ɗaya ta taimaki ɗaya.

Daga wani malamin makaranta mai ritaya, Birnin Kebbi: Assalamu alaikum. Malam, tun muna da sauran ƙuruciya muka kalli fim ɗin Kunta Kinte a kaset ɗin bidiyo, kuma har yau ban manta da wurin da aka ɗaure shi ana zabga masa bulala don ya amsa sunan Toby ba. Kwanan nan jikana da ke jami'a ya ce mini wai labarin ƙagagge ne. Wane ne ya rubuta shi, kuma gaskiya ne ko ƙage?

Amsa: Wa alaikumus salam, Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Jikan naka yana da hujja, sai dai bai kai maka zancen ƙarshe ba.

Fim ɗin da kuka kalla an ɗauko shi ne daga littafin *Roots*, wanda Alex Haley, baƙar fatar Amurka, ya wallafa a 1976. An haifi Haley ranar 11 ga Agusta, 1921, a garin Ithaca na Jihar New York, lokacin mahaifinsa Simon Haley yana karatu a Jami'ar Cornell, amma ƙuruciyarsa a Henning ya yi ta, wani ɗan ƙaramin gari a Jihar Tennessee, a gidan kakanninsa na wajen uwa. A nan ne kakarsa Cynthia Palmer da 'yan'uwanta mata kan zauna a barandar gida bayan cin abincin dare suna hirar mutanen da, yaron kuwa yana maƙale bayan kujerarta yana saurare. Hirar takan koma can baya har ta tsaya a kan wani kaka da suke kira Ba'afirke, wanda ya ƙi sunan da ubangidansa ya laƙaba masa, ya ce shi sunansa Kinte, wanda yake nuna wa 'yarsa kogi ya ce mata Kamby Bolongo, kuma wanda ya ce an kama shi ne ya shiga daji saran icen da zai sassaƙa ganga. Iyakar abin da Haley ya gada ke nan: suna ɗaya, 'yan kalmomi, da labarin saran ice.

Bai ƙarasa karatun kwaleji ba. A 1939 ya shiga rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka, inda aka ba shi aikin raba abinci da wanke kwanuka a jirgin ruwa, domin kusan shi ne iyakar aikin da ake bai wa baƙar fata a rundunar a wancan zamani. A cikin jirgin ya koyi rubutu, da farko ta hanyar rubuta wa abokan aikinsa wasiƙun soyayya zuwa ga 'yan matansu, daga baya ya riƙa aika gajerun labarai ga mujallu ana dawo masa da su shekara da shekaru kafin a fara karɓa. Sai da ya cika shekara 20 a rundunar, har ya zama babban jami'inta na aikin jarida, sannan ya yi ritaya a 1959 ya kama rubutu gadan-gadan.

A tsakiyar shekarun 1960 ya koma kan hirar kakarsa. A gidan adana takardun gwamnati da ke Washington ya ga sunan kakan mahaifiyarsa, Tom Murray maƙeri, a cikin ƙidayar jama'a ta 1870. Ya kai 'yan kalmomin nan ga Jan Vansina, masanin tarihin Afirka a Jami'ar Wisconsin, wanda ya ce sun yi kama da harshen Mandinka, kuma Kamby Bolongo mai yiwuwa Kogin Gambiya ne. A 1967 Haley ya isa ƙauyen Juffure a Gambiya, aka zaunar da shi gaban wani dattijo mai suna Kebba Kanji Fofana, wanda aka ce masa masanin nasabar dangin Kinte ne. Dattijon ya jero nasaba ta bakin tafinta har ya iso kan wani Kunta, babban ɗan Omoro, wanda ya fita saran ice a zamanin da sojojin sarkin Ingila suka zo, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Haley ya ce a nan ne jikinsa ya ɗauki rawa. Ya koma Ingila ya bi takardun jiragen ruwa, ya samo wani jirgi mai suna Lord Ligonier da ya tashi daga Kogin Gambiya a 1767 da mutum 140, ya sauka a Annapolis ta Jihar Maryland ranar 29 ga Satumba da mutum 98 masu rai, sai ya yanke cewa kakansa yana cikin waɗannan 98.

Littafin ya fito bayan shekara 12 ana faɗi-tashi, daidai da bikin cikar Amurka shekara 200 da samun 'yancin kai. Ya biyo zuriyar daki-daki: Kunta, wanda aka sare wa rabin ƙafa bayan ya gudu karo na huɗu, 'yarsa Kizzy, wadda aka raba da iyayenta aka sayar wa Tom Lea, shi kuwa ya yi mata fyaɗe, ɗanta George, gwanin horar da zakarun faɗa, sai Tom maƙeri, wanda a zamaninsa aka yi yaƙin basasar 1861 zuwa 1865 aka soke bauta, har iyalin suka yi ƙaura zuwa Henning. A watan Janairun 1977 gidan talabijin na ABC ya nuna fim ɗin dare takwas a jere, kuma an ƙiyasta cewa mutum kimanin miliyan 100 suka kalli daren ƙarshe. A shekarar ce aka ba Haley lambar yabo ta musamman ta Pulitzer.

Shakku ya biyo baya tun tawada ba ta bushe ba. A 1977 wani ɗan jaridar Ingila, Mark Ottaway na *Sunday Times*, ya je Juffure ya dawo da rahoton cewa Fofana ba ya cikin masanan nasaba na gado, kuma Juffure ta 1767 ba ƙauye ne na can lungu da bai san Bature ba yadda littafin ya siffanta, gari ne na fatauci da ke kallon sansanin Ingilishi na tsibirin James, mutanensa suna hulɗa da masu cinikin bayi yau da gobe. A 1981 masanin tarihi Donald Wright ya nuna abin da a ganina shi ne ya fi komai nauyi, wato tun kafin a kai Haley gaban dattijon ya riga ya bayar da labarin kakarsa ga mutane da dama a Gambiya, don haka babu mai iya rantsuwa cewa ba labarin nasa ne ya zagaya ya dawo masa ba. A wannan shekarar kuma Gary Mills da Elizabeth Shown Mills, masu binciken nasaba, suka duba takardun kotu na Jihar Virginia, inda littafin ya ce Kunta ya yi bauta, suka tarar sunan bawan nan Toby, wanda Haley ya ce shi ne Kunta, yana cikin takardun iyalin Waller, iyayengijinsa, tun 1762, shekara biyar kafin Lord Ligonier ya sauka.

Saboda haka, Baba, ga yadda nake raba maganar. Jirgin gaskiya ne, cinikin gaskiya ne, mutum 42 da suka mutu a teku gaskiya ne, haka nan bulala da sare ƙafa da raba uwa da 'ya duk abubuwa ne da takardun zamanin suka tabbatar an yi wa mutane ba adadi. Kakannin Haley na bayan yaƙin basasa su ma suna cikin takardu. Abin da bai tabbata ba shi ne igiyar da ta ƙulla su da wani saurayi na Juffure mai suna Kunta. Haley da kansa ya yarda cewa hirarraki da mafi yawan aukuwar da ke cikin littafin shi ya ƙaga, ko da yake ya tsaya kai da fata kan cewa nasabar daidai take. Kuskurensa babba, a wurina, shi ne da ya bari aka sayar da littafin a matsayin tarihi tsantsa, alhali da ya kira shi ƙagaggen labari mai tushe a tarihi, da babu wanda zai kama shi da laifin nasaba.

Daga wata malamar sakandare, Argungu: Malam, a cikin littafin an nuna Kunta Musulmi ne mai salla da ƙyamar naman alade. Shin da gaske an kai Musulmi bauta Amurka, ko marubucin ne ya ƙara gishiri?

Amsa: Malama, a nan kam Haley bai ƙara gishiri ba, hasali ma wannan ɓangaren ya fi nasabar tasa ƙarfin hujja. Yankin Sanagal da Gambiya da Gini ya daɗe da Musulunci kafin ƙarni na 18, kuma akwai Musulmin da aka kai Amurka waɗanda muka san sunayensu da garuruwansu, wasu ma da rubutun hannunsu.

Ayuba Sulaiman Diallo, Bafulatani daga Bundu kuma ɗan malami, an kama shi a bakin Kogin Gambiya a farkon shekarun 1730, aka sauke shi a Annapolis ɗin nan da Haley ya ce an sauke Kunta. Wasiƙar da ya rubuta wa mahaifinsa da Larabci ce ta faɗa hannun wasu manya a Ingila, suka fanshe shi, ya koma gida a 1734. Akwai abin lura a labarinsa wanda bai kamata mu tsallake ba: shi kansa ya je bakin kogin ne sayar da bayi biyu aka kama shi a kan hanyar komawa. Abdurrahman Ibrahim ɗan Sori, ɗan sarauta daga Futa Jalon, ya yi shekara 40 yana bauta a Natchez ta Jihar Mississippi, aka 'yanta shi a 1828, ya rasu a Laberiya a 1829 bai kai ga garinsu ba. Umar ɗan Sa'id na Futa Toro kuwa ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831 a Jihar North Carolina, ya buɗe shi da Suratul Mulk, kuma takardar tana ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka a yau. Hausawa namu sun fi yawa a Bahia ta ƙasar Brazil, inda aka samu yunƙurin tawayensu a 1807, sannan Musulmin garin Salvador suka yi babban bore a 1835.

Idan za ki karanta wa ɗalibanki wani abu daga littafin, ina ba ki shawarar babukan farko na ƙuruciyar Kunta, domin za su ga abubuwan da suka saba da su, kamar raɗa wa jariri suna a kunne, da karatun allo, da kiwon awaki. Sai kuma wani ɗan abu da Haley ya ƙaga wanda ya fi dogon bayani ratsa zuciya: Kunta yana ajiye wata ƙwarya a bukkarsa, duk tsayuwar wata ya jefa tsakuwa ɗaya a ciki domin kada lissafin shekarunsa ya ɓace masa a ƙasar da ba a duban wata, kuma ranar da aka tafi da Kizzy ya ɗaga ƙwaryar ya fyaɗa da ƙasa. Ki dai gaya musu cewa Gambiyar da ke cikin waɗannan babuka an ƙawata ta fiye da yadda take, domin marubucin yana son bai wa baƙar fatar Amurka wani gida mai tsabta da za su riƙa tunawa.

Daga wani ɗalibi, Aliero: Na ji an ce Haley ne ya rubuta littafin Malcolm X, kuma na ji an ce an taɓa kama shi da satar rubutu. Ina gaskiyar waɗannan?

Amsa: Duka biyun suna da tushe, ɗana. Tarihin rayuwar Malcolm X, ɗan gwagwarmayar baƙar fatar Amurka wanda ya zama Alhaji Malik El-Shabazz bayan aikin hajjinsa na 1964, Haley ne ya tsara shi daga hirarraki fiye da 50 da suka yi tsakanin 1963 da 1965. An harbe Malcolm ranar 21 ga Fabrairu, 1965, littafin ya fito a ƙarshen shekarar, kuma Haley ya rufe shi da dogon bayani a kan kwanakin ƙarshe na mutumin. Masana da yawa suna ganin wannan ne aikinsa mafi inganci, ni ma ra'ayina ke nan. Kafin nan ya riga ya yi suna wajen hira da manyan mutane, ciki har da makaɗi Miles Davis a 1962 da Martin Luther King a 1965.

Maganar sata kuwa, marubuta biyu ne suka kai shi kotu. Margaret Walker ta ce ya ɗebo daga littafinta *Jubilee* na 1966, kotu ta kori ƙarar. Harold Courlander ya ce an kwashe wurare da dama daga littafinsa *The African* na 1967, shi kuwa ƙararsa ta kama, domin a watan Disambar 1978, ana tsakiyar shari'a, aka sasanta a kan dala 650,000, Haley ya amince cewa wasu sassa na littafin Courlander sun shiga cikin nasa. Ya ce ba da saninsa ba ne, wai ta cikin tarin takardun da mutane ke miƙa masa suka shigo. Ko an yarda da wannan uzuri ko ba a yarda ba, tabon bai goge ba, kuma yana daga cikin dalilan da suka sa manazarta adabi a Amurka ba su cika sanya *Roots* a sahun farko ba duk da ɗimbin masu karatunsa.

Bayan *Roots* bai ƙara fitar da babban littafi ba, sai wani ɗan gajere a 1988 a kan masu taimakon bayi su tsere zuwa arewacin Amurka. Ya rasu ranar 10 ga Fabrairu, 1992, a Seattle, aka binne shi a harabar gidan kakanninsa na Henning. Littafin *Queen*, a kan kakarsa ta wajen uba, David Stevens ne ya ƙarasa shi, ya fito a 1993. A Gambiya kuwa sunan da ya ɗaukaka ya zauna daram, domin a 2011 gwamnati ta sauya wa tsibirin James suna zuwa tsibirin Kunta Kinteh.

Daga wani ma'aikacin gwamnati, Gwandu: Malam, ni ma ina so in rubuta tarihin gidanmu kamar yadda Haley ya yi. An ce kakanmu na biyar ya zo daga Surame. Ta ina zan fara?

Amsa: Alhaji, Allah ya ba da sa'a, kuma ka fi Haley gata ta fuskoki da dama, domin kai ba teku ce ta raba ka da ƙasar kakanninka ba, harshen da suka yi magana da shi da shi kake magana, kuma kana zaune a garin da ya gaji rubutu tun zamanin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya bar mana *Tazyinul Waraƙati* a 1813. Amma tun daga wasiƙarka akwai abin dubawa. Kaka na biyar, idan aka bai wa kowane tsatso shekara 30, ba zai wuce farkon ƙarni na 19 ko ƙarshen na 18 ba, alhali Surame, babban birnin Muhammadu Kanta, ta yi tashenta ne a ƙarni na 16, kuma sarautar Kabi ta riga ta bar ta ta koma Birnin Kebbi tun kafin jihadi. Ba ina cewa maganar ƙarya ce ba. Mai yiwuwa an haɗiye wasu kakanni a tsakani, abin da yake yawan faruwa a nasabar baka, inda ake riƙe wanda ya kafa gida da na kusa-kusa a manta da na tsakiya. Mai yiwuwa kuma cewa daga Surame hanya ce ta faɗin cewa gidan na Kabawan asali ne.

Hausawa sun ce kunne ya girmi kaka, kuma haka ne, amma kunnen yana buƙatar ladabin saurare. Idan ka je wurin dattijo, kada ka fara da cewa an ce mun fito daga Surame, ko haka ne? Kai ma'aikaci ne, ka zo da mota da goro, dattijon kuwa mutum ne mai kara, ba zai so ka koma hannu rabbana ba, sai ya ce haka ne, har ya ƙaro maka da sunan unguwa. A wannan ramin ake zargin Haley ya faɗa. Ka tambaye shi wa ya haifi wane, a ina aka binne shi, wace sana'a yake yi, wane sarki ke kan gado lokacin da ya zo, sa'an nan ka kama bakinka. Ka ɗauki muryarsa a waya da izninsa, ka rubuta rana da wuri da waɗanda ke zaune, domin abin da mutum zai faɗa a zaure gaban jama'a ba shi zai faɗa ba idan kuna ku biyu. Ka tambayi mutanen ɗaki dabam-dabam na gidan ba tare da ka gaya wa wannan abin da wancan ya ce ba.

Makaɗan fada da maroƙa da sankirori taska ce, sai dai a san irin taskar. Aikinsu kambama gida ne, suna riƙe sunayen sarakuna da jarumai da kirarinsu, ba su cika riƙe manomi ko masunci ko wanda ya tsere daga yaƙi ba, kuma suna tsallake wanda aka tuɓe idan ambatonsa zai ɓata wa mai gida rai. Abin da suka ba ka sai ka auna shi da jerin sarakunan Kabi da ke gidan tarihi na Kanta a Argungu, da takardun da ke hukumar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da rahotannin haraji da na gundumomi da Turawa suka bari a gidan adana takardun ƙasa na Kaduna. Kada ka raina bangon tsofaffin Alƙur'anai da littattafan gidanku, domin malamai kan rubuta haihuwa da rasuwa a can.

Ka kuma shirya wa abin da ba ka nema ba. Bauta ta daɗe a ƙasarmu, dokar Turawa ta 1901 'ya'yan da aka haifa bayanta kawai ta 'yanta, kuma ba a soke bautar gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Da wuya ka bi gida babba har tsatso biyar ba ka ci karo da ƙwarƙwara ko bacucane ko wanda aka kamo a yaƙi ba, ko kuma kakan da shi ne mai kamun. Irin wannan labari a bakin tsofaffin mata yake, goggonni da innoni, su ne suka san wace aka auro daga ina da wadda ba aurenta aka yi ba, kuma ba za su faɗa maka a zama na farko ba. Idan sun faɗa, ka nemi yardar waɗanda abin ya shafa kafin ka buga, domin jikokinsu suna nan da rai kuma kuna haɗuwa a masallaci.

Idan ka zo rubutawa, ka bambanta a fili tsakanin abin da ka gani a takarda, da abin da aka faɗa maka kuma wa ya faɗa, da abin da kai ka cike da tunaninka. In kuma ƙagaggen labari kake so ka gina a kan tarihin gidan, to hanya a buɗe take, tunda Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi irin wannan da labarin bauta a *Shaihu Umar* tun 1934. Sai dai ka rubuta a bangon littafin cewa ƙagagge ne, ka sauya sunayen gidajen da ba naka ba. Ka fara da goggon da ta fi kowa tsufa a gidanku, cikin wannan watan in da hali.